Yadda za ka haɗa talabijin ta intanet a gidanka a Yamai, har da naɗar shirye-shirye

Yawancin masu son shiga kallon talabijin ta intanet da akwati suke farawa. Mutum ya je Babbar Kasuwa ko wani shagon kayan lantarki a Wadata, a nuna masa ɗan akwati baƙi da telekomand, a ce masa tashoshi dubbai ne a ciki, ya biya ya kai gida. Daren farko hoto ya yi ta tsayawa, ƴar da'irar nan tana juyawa a tsakiyar allo, kafin mako ya zagayo forfe ya ƙare. Akwatin shi ne abu na uku. Kafin shi akwai lissafin abin da gidan zai iya biya kowane wata, akwai kuma layin intanet, kuma a kansu ne mutum yake cin riba ko ya yi asara.

Mataki na farko: lissafin giga

Abu biyu ake saye in an sayi intanet, gudu da yawa. Gudu ana auna shi da megabit a daƙiƙa, abin da kake gani an rubuta Mbps. Yawa kuwa shi ne gigan da ke cikin forfe. Gudu kamar faɗin bututun famfo ne, giga kuma ruwan da ke cikin tanki: bututu mai faɗi yana cika bokiti da sauri, amma da saurin nan yake ƙarar da tankin.

Ga lissafin da nake so ka riƙe, don shi ne zai raka ka har ƙarshen wannan bayani: hoton da ke jan megabit 1 a daƙiƙa yana cin giga 0.45 a awa ɗaya. Ana auna kyan hoto da lambobi, mafi girma ya fi kyau: YouTube ya ce hoton 480p yana bukatar megabit 1.1, na 720p megabit 2.5, na 1080p megabit 5, na 4K kuwa megabit 20. In ka buga lissafi, awa ɗaya a 480p rabin giga ce, a 720p giga ɗaya da ɗoriya, a 1080p giga biyu da kwata. Netflix ma ya bayyana nasa: giga 0.3 a awa in ka zaɓi hoto mafi sauƙi, 0.7 a matsakaici, har giga 3 a HD, har 7 a 4K.

To zauna da uwargida ku ƙirga gaskiyar awannin da ake kunna tele a gidan, ba waɗanda kuke fata ba. A ce awa huɗu ne a rana, tsakanin labarai, wa'azi, shirin yara da wasan kwaikwayo na dare. A 720p wannan kimanin giga 135 ne a wata. A 480p kimanin 60. Wasan ƙwallo guda, in aka haɗa da hutun rabin lokaci da hirar masu sharhi, awa biyu ne, wato giga huɗu da rabi a 1080p. Ɗauki waɗannan alkaluma ka ajiye kusa da farashin forfe na kamfanin da kake aiki da shi. In kuɗin ya fi ƙarfin aljihu, ba dole sai ka haƙura ba, sai dai ka sauya tsari: ka bar parabol ko eriya a wurinta don tashoshin da ake kamawa kyauta, intanet ta zama ta abin da babu shi a can. Ni wannan tsarin nake ba mafi yawan gidaje shawara, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya sauke parabol mai aiki ya koma biyan giga don kallon labaran Télé Sahel ba.

A tele mai inci 32, in kana zaune nesa da ita kamar yadda ake zama a falo, 720p ya wadatar. Maganar 4K ka ajiye ta sai ranar da ka samu layin da ba a ƙirga masa giga.

Mataki na biyu: zaɓen layi da gwada shi

Kamfanoni huɗu ne ke sayar da intanet ta sim a ƙasar nan: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda a da shi ne Orange, da Niger Telecom wanda ya samu daga haɗewar Sonitel da SahelCom a 2016. Kar ka tambayi wanne ya fi kyau a Yamai, don tambayar ba ta da amsa guda. Wanda ke gudu a Plateau yana iya rarrafe a Talladje, wanda ke da ƙarfi a bakin titi a Bukoki yana iya ɓacewa a ɗakin ƙurya. Tambayar ita ce wanne ya fi kyau a falonka.

Ga yadda za ka sani. Sayi ƙaramin forfe a kan sim biyu ko uku, ko ka ari salular maƙwabci mai wani layin. Tsaya daidai inda za a ajiye na'urar wifi, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, ka rubuta abin da ya nuna. Yi haka da safe, yi da rana, amma gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na bayan sallar isha'i, daga ƙarfe takwas zuwa goma da rabi, lokacin da kowa a unguwa ya hau rezo, ƴan fada sun ɗora shayi kowa da salula a hannu. A lokacin ne kai ma za ka yi kallo. Maimaita kwana biyu ko uku, har da daren Asabar. Abin da kake nema layi ne mai tsayawa wuri ɗaya. Megabit 6 da ba ya motsi ya fi megabit 30 da ke faɗowa zuwa 1 duk bayan minti biyar, don tashar kai tsaye ba ta da ajiya mai yawa da za ta rufe giɓin, nan take hoto ke daskarewa.

In an ce maka forfe ba shi da iyaka, yi tambaya guda kafin ka biya: giga nawa ake ci kafin a rage gudu, kuma in an rage, zuwa nawa? A rubuce nake so ka ga amsar.

Raba intanet daga salula yana yi don gwaji, amma ba tsarin gida ba ne. Salular tana zafi, batirinta yana lalacewa, kuma duk lokacin da maigida ya fita tele ta mutu. Sayi na'urar wifi mai cin sim wadda ke da ramin kabul a baya, ka ajiye ta kusa da taga, a sama, ba cikin kabad ba. In fibar ta iso layinku, je ofishin kamfanin ka tambaya, ita ce ta fi dacewa da wannan aiki. Starlink kuma, intanet ta tauraron ɗan adam, ya fara aiki a Nijar a 2025. Yana son sarari buɗaɗɗe a saman rufi, ba bishiya ba bango, ruwan sama mai ƙarfi yana iya katse shi na ɗan lokaci, kuma yana cin wuta: babban faifan tsakanin wat 75 da 100, ƙaramin da ake kira Mini tsakanin 25 da 40. Mai aiki da pano da batiri ya saka wannan cikin lissafinsa tun farko.

Mataki na uku: akwati

Duba telen da ke gidan tukuna. In ta zamani ce mai intanet a ciki, mai yiwuwa ba ka bukatar komai don YouTube da Netflix. Sai dai kowane kamfani da tsarinsa: Samsung na aiki da Tizen, LG da webOS, Hisense da yawa da VIDAA, kuma manhajojin naɗa da zan ambata a gaba ba sa hawa kansu. Tele mai Android TV ko Google TV, kamar wasu na TCL da Sony, ita ce ba ta da wannan matsalar. In kuwa tele tsohuwa ce amma tana da ramin HDMI, ɗan akwati zai mayar da ita sabuwa.

A shago za ka ga iri biyu. Akwai na sanannun kamfanoni, kamar Xiaomi TV Box S da Fire TV Stick na Amazon. Akwai kuma masu araha marasa sunan kamfani, masu lambobi irin su MXQ, X96 ko T95, kwalinsu cike da alkawura. Araha ba ta ado. Da yawansu Android na salula aka cusa musu, sai ka ga telekomand ba ya kai wa ga wasu maɓallai. Da yawa ba su da shaidar Google, saboda haka Netflix ba ya ba su hoton HD ko ka biya kuɗin HD. Kuma a 2023 masu binciken tsaron kwamfuta sun gano akwatunan T95 da aka sayar da muguwar manhaja a cikinsu tun daga masana'anta, tana aiki da intanet ɗin mai gida ba da saninsa ba. Akwatin da zai zauna a kan wifi ɗaya da salular da kake tura kuɗi da ita ba wurin neman rangwame ba ne.

Kafin ka biya, sa mai shago ya kunna shi a gabanka. Duba ƙwaƙwalwar aiki ta kai giga 2. Duba yana karanta tsarin matse bidiyo na H.265, wanda ake kuma kira HEVC, don yana ba da hoto mai kyau da kusan rabin abin da H.264 ke ci. In kana da niyyar naɗa, duba akwai ramin USB. Fire TV Stick ba shi da shi, sai an ƙara masa ƴar igiyar OTG. In akwai ramin kabul na intanet a jiki, wannan ƙari ne babba.

Mataki na huɗu: wa zai ba ka tashoshin

Akwati fanko ne, tashoshi daga wani wuri suke zuwa. Fara da na kyauta, don sun fi yadda ake zato yawa. Tashoshinmu na gida, Télé Sahel da masu zaman kansu irin su Dounia, Ténéré, Bonferey da Saraounia, da yawansu suna ɗora labarai da muhawarori a Facebook ko YouTube. Sassan Hausa na DW da TRT Afrika suna can. Masu shirya finafinan Kano sun daɗe da mayar da dogayen shirye-shiryensu YouTube, kowane mako da sabon kashi, haka ma karatuttukan malamai da tafsirin azumi. Gida da yawa in suka zauna suka duba abin da suke kallo, sai su tarar kusan duka yana nan ba tare da abonma ba.

Sai na biya masu lasisi. Mai abonma na Canal+ yana da damar shiga manhajarsu ba tare da ƙarin kuɗi ba: ka buɗe asusu, ka haɗa shi da lambar abonmanka, ka kalli tashoshin tsarin da ka biya a salula ko akwati, har da shirye-shiryen da suka riga suka wuce. Arewa24, tashar Hausa da ta fara aiki a 2014, tana da tata manhajar ta kallo a lokacin da ka ga dama. Netflix yana aiki a Nijar tun 2016, yana karɓar katin Visa ko Mastercard, kuma katin banki irin wanda ake zuba wa kuɗi kafin a kashe ya fi kwanciyar hankali, don ba za a cire abin da ya wuce abin da ka zuba ba. Kula da abu ɗaya a nan: tsarinsu mafi araha na salula da tablet ne kaɗai, ba ya buɗewa a tele.

Iri na uku shi ne wanda ake tallarsa a WhatsApp, tashoshi dubbai, duk wasannin Turai, shekara guda a kuɗin da bai kai na wata biyu na halal ba. Zan faɗa maka ra'ayina ba kwana-kwana. Wanda ya sayar maka ba shi da izinin tashoshin, sata aka yi aka raba. Shi ya sa ranar babban wasa, lokacin da kowa ya hau, a ranar ne hoton ke tsayawa, kuma shi ya sa ake wayar gari a ga komai ya mutu, lambar mai sayarwa ba ta shiga. A watan Satumba na 2019 ƴan sandan ƙasashen Turai sun rufe dandalin Xtream Codes wanda masu wannan sana'a da yawa suka dogara da shi, masu abonma a ƙasashe da dama suka tashi babu tasha ko ɗaya, babu kuma wanda za su kai wa ƙara. Ga wani abin da ba a faɗa wa mai saye: irin waɗannan jerin tashoshi sau da yawa suna ɗauke da tashoshin batsa a can ƙasa, kuma yaro mai telekomand ya fi ka saurin gano su. Duk wanda za ka saya a wurinsa, ko wane ne, tambaye shi sunan kamfanin da izininsa, nemi gwajin kwana ɗaya ko biyu, ka biya wata-wata, kada ka biya shekara, kada kuma ka ba kowa lambar sirrin Airtel Money ko MyNita ɗinka da sunan zai kunna maka.

Mataki na biyar: haɗawa

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Soka akwatin a HDMI, ka zaɓi wannan ramin da telekomand ɗin tele. Haɗa shi da intanet, kuma in da hali da kabul, don bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna cinye wifi. In dole sai wifi, zaɓi na 5 GHz idan akwatin da na'urar suna ɗaki ɗaya, na 2.4 GHz idan akwai bango tsakani. In akwatin na Android TV ne, shiga da asusun Google, ka bar shi ya sabunta kansa, ka sauke manhajojinka daga Play Store kaɗai.

Kafin kowa ya fara kallo, yi abu uku. Shiga saitunan Netflix ka sa cin data a matsakaici, a YouTube kuma ka riƙa zaɓen 480p ko 720p da hannunka, in ba haka ba manhajar za ta ɗauki mafi nauyin hoton da layin zai iya ja. Kashe kunna bidiyo na gaba da kansa, don tele da aka bari a kunne aka yi barci tana iya cinye forfe na mako a dare ɗaya. Sannan ka buɗe wa yara nasu sashe, ka sa lambar sirri a na manya.

In mai ba ka tashoshi ya ba ka adireshin jeri, abin da ake kira M3U, ko ya ba ka adireshin saba, wato kwamfutar da tashoshin ke fitowa daga cikinta, da suna da lambar sirri, kana bukatar manhajar da za ta karanta su. TiviMate ita ce ta fi daɗin aiki da telekomand a Android TV. Akwai IPTV Smarters, akwai Kodi da ƙarinsa mai suna PVR IPTV Simple Client, akwai VLC a kwamfuta. Dukansu ba su zo da tasha ko ɗaya ba, masu karantawa ne kawai. Buɗe manhajar, zaɓi ƙara jeri, rubuta adireshin harafi bayan harafi. Ɗigo ɗaya ya ɓace ba zai buɗe ba, shi ya sa ya fi sauƙi ka rubuta ta manhajar Google TV a salula maimakon telekomand. Bayan haka ƙara adireshi na biyu, na jadawalin shirye-shirye, wanda za ka ga an rubuta EPG ko XMLTV. Kar ka tsallake shi, don da shi ake tsara naɗa.

Daga nan duba agogo. Nijar tana gaban GMT da awa ɗaya duk shekara, ba ma sauya lokaci. Faransa kuwa tana sauyawa: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gabanmu da awa ɗaya, sauran watanni lokacinmu ɗaya. In akwatin yana kan lokacin Paris, jadawalin zai yi daidai a lokacin sanyi, sannan ya goce da awa guda da shigowar zafi, ka naɗi shirin da ba shi ka nufa ba. Sa yankin lokaci a kan Niamey ko Lagos. In duk da haka jadawalin bai dace da abin da ke allo ba, akwai wurin ƙara ko rage awa a saitunan EPG.

Mataki na shida: naɗa

Naɗa ta intanet tana cin giga daidai da kallo. Ribarta ita ce sau ɗaya za ka biya, a kalla sau goma, kuma a lokacin da gida ya natsu. Saboda haka kafin ka naɗi komai ta intanet, tambayi kanka ko ana samunsa a parabol ko eriya. Dekoda na tashoshin kyauta da yawa, irin su Strong, suna da ramin USB da jan maɓallin naɗa a telekomand. Kokowar takobi da Télé Sahel ke nunawa, ko wasan Mena, in ka naɗe su ta nan ba ka kashe ko mega ɗaya ba.

Hanya mafi sauƙi ta intanet ita ce saukewa a cikin manhaja. Netflix da Canal+ suna da maɓallin sauke shiri a salula ko tablet, YouTube ma yana nuna shi a ƙarƙashin wasu bidiyoyi. In kamfaninka yana da forfe na dare mai rangwame, a lokacin za ka sauke. Abin da ka sauke a cikin manhajar kaɗai yake buɗewa, ba a kwafe shi zuwa kile, kuma yana da wa'adi: wasu finafinan Netflix awa 48 ne bayan ka fara kallo.

Naɗar tashar kai tsaye a akwati ita ce ke bukatar shiri. Samo kile USB ko diski na waje. Tasha mai jan megabit 5 tana cika giga biyu da kwata a awa, don haka kile mai giga 64 zai ɗauki kimanin awa 25, diski mai tera 1 kuwa sama da awa 400. Kile na jabu sun yi yawa a kasuwa, a rubuta 128 a jiki alhali cikinsa bai kai 16 ba, kuma ba za ka gane ba sai naɗin ya ƙi buɗewa. Gwada shi a kwamfuta da ƴar manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika shi ta karanta ta gaya maka gaskiyar girmansa.

Sannan ka duba tsarin da aka goge shi da shi. Kile da yawa suna zuwa da FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. A lissafinmu giga 4 awa ɗaya ce da minti arba'in da ƴan kai, wato naɗin zai yanke daidai mintunan ƙarshe na wasan ƙwallo. Goge shi a kwamfuta da exFAT ko NTFS, ka soka a akwatin ka ga wanne yake iya rubutawa a kai, don ba kowane akwati ke karɓar duka biyun ba. In akwatin ya tambaye ka yadda zai yi amfani da shi, zaɓi ma'ajiyar da ake cirewa. In ka zaɓi ya zama ƙwaƙwalwar akwatin, zai kulle shi ta yadda wata na'ura ba za ta karanta ba.

A TiviMate naɗa tana cikin sigar da ake biya, ana sayenta ta manhajar TiviMate Companion. Shiga saituna, sashen naɗa, ka nuna mata kile a matsayin wurin ajiya. Koma jadawali, danna shirin da kake so, ka zaɓi naɗa. Ƙara minti biyar a gaba, minti goma sha biyar ko fiye a baya, don tashoshi ba kullum suke bin agogo ba, kokowa da ƙwallo kuwa ba su san agogo ba sam. Yi gwaji da shirin minti goma tun da rana, sau ɗaya akwatin a kunne, sau ɗaya yana barci, don wasu akwatunan in sun yi barci suna kashe manhajar, sai ka hana shi barci a saituna. Ka kuma san cewa naɗar tasha ɗaya kana kallon wata haɗi biyu ne: gudu ninki biyu, giga ninki biyu, kuma in abonmanka na allo ɗaya ne, ɗayan zai yanke.

Mai kwamfuta yana iya yi da VLC ba tare da biyan komai ba. A Média ka zaɓi Ouvrir un flux réseau, ka liƙa adireshin tashar. A Vue ka kunna Contrôles avancés, jan maɓalli zai bayyana a ƙasa. Danna shi a farko, danna shi a ƙarshe, fayil ɗin yana cikin Vidéos. Aibinsa sai kana zaune a wurin.

Babban gida, mai tele biyu ko uku da masu kallo a salula, ya fi dacewa da na'ura guda da za ta riƙa naɗa don kowa. Tsohuwar kwamfutar hannu da aka ajiye ta isa, kuma a Yamai ta fi ta tebur, don batirinta yana riƙe ta in wuta ta ɗauke. Ɗora mata Jellyfin, manhajar naɗa da raba bidiyo a cikin gida, kyauta ce. Haɗa ta da na'urar wifi da kabul, ka saita ta kada ta yi barci in an rufe murfi. Daga kowace salula a gidan buɗe adireshin kwamfutar ka ƙara :8096 a ƙarshe, shiga sashen talabijin kai tsaye, saka adireshin M3U a wurin tashoshi, na XMLTV a wurin jadawali, ka nuna diskin ajiya. Daga nan kana iya cewa a naɗi shiri kaza duk lokacin da ya zo. Daɗin abin shi ne kallon abin da aka naɗa yana yawo ne a wifi na cikin gida, ba ya taɓa forfe, ko mutum biyar ne suke kallo a ɗakuna daban. Wanda ya saba da Linux yana iya ɗora Tvheadend, ana shigarsa ta :9981, a kalla da Kodi. Ya fi ƙarfi, ya kuma fi wuyar saiti.

Abin da ka naɗa na gidanka ne. Tura shi a kile don sayarwa, ko nuna shi a gidan kallo ana karɓar kuɗi, wannan cin haƙƙin masu shi ne, kuma ƴan wasan da mawaƙan da ake cuta namu ne. Mai son yin sana'a da shi ya nemi abonma na kasuwanci, ya kuma je hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa, BNDA.

Wuta, zafi da ƙura

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ta fi ɗaukewa, a nan ake gane tsarin da aka yi da tunani. Na'urar wifi yawanci volt 12 take ci, akwati volt 5 ko 12, dukansu ba su da ci. Ƙaramin batirin ajiya na wifi ko ondilar zai riƙe su, naɗa ta ci gaba ko tele ta mutu. In manhajar ta ba ka zaɓi, naɗa a tsarin TS, don in wuta ta yanke a tsakiya abin da aka riga aka naɗa yana buɗewa, MP4 da bai kammala ba kuwa yawanci ya lalace duka. Diski mai juyawa ba ya son yankewar wuta yana tsakar rubutu, lalle ya kasance a bayan ondilar. Kada ka liƙa akwati a bayan tele ko ka ɗora shi a kan dekoda, kada a rufe shi da ƙyallen ado. Ajiye shi inda iska ke ratsawa, a lokacin hunturu kuma ka riƙa share ƙurar ramukansa da busasshen buroshi.

In hoto ya fara tsayawa, kar ka fara da zargin akwati. Buɗe YouTube a akwatin. In shi ma yana tsayawa, matsalar layi ce: duba sauran giga, kashe na'urar wifi minti ɗaya ka kunna, ka ga ko wani a gidan yana sauke abu mai nauyi. In YouTube yana tafiya lafiya, gwada wata tasha a jerin. In tasha ɗaya ce ke yi, daga can ne, babu abin da za ka gyara. In dukansu ne, ƙara girman ajiyar wucin gadi a saitunan manhajar, inda aka rubuta taille du tampon, ka sauko zuwa 480p. In akwatin ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, cire shi daga wuta ya huce kafin ka sake gwadawa.